Jirgin da ya auna yoyon gas na Aliso Canyon

A ranar 23 ga Oktoba 2015 aka gano wata rijiyar ajiyar gas tana yoyo a Aliso Canyon, jihar Kalifoniya ta Amurka. Kusan wata huɗu ta yi kafin a toshe ta, dubban iyalai suka ƙaurace wa gidajensu. Metan ba ya ganuwa, saboda haka masanin kimiyya Stephen Conley ya riƙa ratsa iskar da ƙaramin jirgin sama mai na'urorin awo. A 2016 sakamako ya fito: tan 97,100 na metan, tan 7,300 na itan. Shanu da gonakin shinkafa suna fitar da metan ba tare da itan ba, shi ya sa masu bincike ke dogara da itan wajen gane yoyon rijiyoyin gas.