Daga Garama zuwa Jingina: Tarihin Biyan Kuɗin Hanya a Ƙasar Daura da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Babban Mutum gari ne a Ƙaramar Hukumar Ɓaure, a gabashin ƙasar Daura, daf da iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar. Motar da ta taso daga Kano ta biyo ta Kunya da Ɓaɓura, nan take tsayawa a duba takardunta kafin ta nufi Magarya da Damagaram. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wata tsohuwar tambaya da ta shafi irin wannan gari, watau wa ke gyara hanya, wa ke biya, kuma me mai biyan yake samu. Tambayar ta sake tasowa ne tun da gwamnati ta shiga ƙulla yarjejeniya da kamfanoni a kan su gina manyan hanyoyi da kuɗinsu, su riƙe su na wasu shekaru. Sau da yawa akan ɗauki wannan tsari baƙo ne ɗungurungum. Amma kalmomin da Hausa ta tanada tun tuni sun nuna cewa cinikin daɗaɗɗe ne, sai dai waɗanda ke zama a yi shi ne suka sauya.

Zamanin fatake

A ƙarni na 19 ba wanda ya mallaki turba, amma kowane yanki nata yana da mai iko da shi. Ayarin da ya ɗauko gishiri daga Bilma, ko kanwa daga Barno, ko goro daga Gwanja, tilas ne ya ratsa ƙasashen sarakuna da dama, kowanne kuwa da abin da yake karɓa. Hausa ta bambance waɗannan biye-biye da sunaye. Garama, kalmar da aka aro daga Larabci, ita ce kuɗin da ake yanka wa kayan fatake. Fito shi ne ladan ƙetarar da mutum da kayansa a kogi, daga baya ya zama sunan kuɗin wucewa ko da babu ruwa a wurin. Gaisuwa kuwa kyauta ce a baki, amma wanda ya ƙi kai ta ya san abin da zai biyo baya. Baturen nan Barth ya ɗanɗana wannan cikin 1851, lokacin da ya iso Katsina tare da ayarin Abzinawa, aka tsare shi kwanaki ana ja-in-ja a kan abin da zai bai wa Sarki kafin a sallame shi ya wuce Kano.

Abin lura a nan shi ne ba falke ɗaya-ɗaya ke zuwa fada ba. Madugu ne ke shiga gaba ya yi ciniki a madadin kowa, ya nemi ragi, sa'an nan a raba abin da aka daidaita a kai bisa yawan kayan kowane mutum. Abin da ake saye da kuɗin sananne ne: zango, da rijiya, da abinci na sayarwa, da tsaro daga mahara. Ba a shimfiɗa komai a ƙasa, domin jaki da takarkari da raƙumi ba su bukatar kwalta. Kuma madugu yana da makami guda wanda sarakuna ke shakka, watau sauya hanya. Sarkin da ya tsananta garama, baɗi sai ya ji ayari ya bi ta ƙasar maƙwabcinsa, kasuwarsa ta mutu. Saboda haka duk da babu takarda, akwai sharaɗi, akwai kuma hukuncin karya shi.

Ƙasar Daura ta ga wannan fiye da wasu, domin bayan jihadi ta rabu. Fulani suka riƙe birnin Daura, zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa mazauni a Zango da Ɓaure, suka koma cikin inuwar Damagaram, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1978 a kan al'amuran Daura. Ke nan falken da ya bar Kano zuwa Damagaram yana fita daga daular Usmaniyya ya shiga wata daula cikin 'yan kwanaki, kowace da nata mai karɓa. Ba kuma za a ce malamai sun yi na'am da al'adar ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa ɗora wa 'yan kasuwa da matafiya haraji a cikin ayyukan sarakunan da ya soka. Amma sukar ba ta kashe abin ba, ko a cikin daular da aka kafa bayan jihadin.

Zuwan Turawa

Turawan mulkin mallaka sun yi abubuwa biyu da suka rushe wancan ciniki. Na farko, Lugga ya mayar da garama ta gwamnati. Cikin 1903 aka kafa kuɗin ayari, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har zuwa kashi 15. Hujjarsa ita ce gwamnati ta kawar da mahara, don haka ita ta cancanci abin da sarakuna ke karɓa a da. Sai dai yanzu babu madugun da zai nemi ragi, babu kuma maƙwabcin da za a gudu wurinsa, tun da duk lardunan na mutum ɗaya ne. Kamfanonin Turawa da kansu suka yi ta kuka cewa abin yana hana kayansu shiga Arewa, aka soke shi cikin 1907 zamanin Gwamna Girouard. Ya kamata a lura da kukan wanda aka ji.

Na biyu, an sauya abin da ake biya da shi, daga wuri zuwa gumi. Da mota ta zo, hanya ta zama abin da sai an share, an cike, an yi kwalbati. Aka ɗora wa hakimai da dagatai fito da mutane, talaka ya bar gonarsa ya tafi aikin hanya, ko yana so ko ba ya so. Baitulmalin En'e, wanda aka fara gwadawa a Katsina zamanin Razdan Palmer da Sarki Muhammadu Dikko, shi ya ɗauki nauyin mafi yawan hanyoyin cikin ƙasa, kuɗinsa kuwa daga haraji da jangali yake. Sai bayan yarjejeniyar duniya ta 1930 a kan aikin tilas, da dokar Nijeriya ta 1933, aka fara rage wannan.

A daidai wannan zamani ne kuma aka ja iyaka. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa alamu da ya biyo baya, suka bar Zango da Ɓaure a hannun Ingilishi, Magarya da Matamai a hannun Faransi. Garuruwa irin su Babban Mutum da Kwangwalam suka wayi gari su ne bakin ƙasa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, gyaɗar gabashin Nijar ta riƙa gangarowa ta waɗannan ƙofofi zuwa tashar Kano, domin nan ne mafi kusa da teku a gare ta. Hanyar ta sami daraja, amma darajar ta rataya ne a kan shawarar gwamnatoci biyu. Kalmar fito ma ta bi wannan sauyi, har a bakin mutanen kan iyaka ta koma nufin tsallakar da kaya ta bayan idon kwastan.

Tolget da kamfanoni

Bayan samun mulkin kai, musamman da kuɗin man fetur ya shigo cikin shekarun 1970, mutane suka saba da cewa hanya aikin gwamnati ce, kyauta ake bin ta. Babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, wadda aka buɗe cikin 1978, ita ta fito da shingen karɓar kuɗi, wanda direbobi ke kira tolget, daga baya aka baza shi a wasu manyan hanyoyi har da na Arewa. Kuɗi na shiga, ramuka na nan. A ƙarshen 2003 gwamnatin Obasanjo ta ba da umurnin rushe su duka, da niyyar maye gurbinsu da harajin Naira 1.50 a kan kowace litar mai, wanda shi kuma ƙungiyoyin ƙwadago suka tsaya kai da fata har ya sha ruwa. Aka rasa tolget, aka rasa madadinsa.

Daga nan aka juya ga 'yan kasuwa. Dokar 2005 ta kafa hukumar da ke sa ido a kan irin wannan yarjejeniya, ta fara aiki cikin 2008. Tsarin a taƙaice shi ne kamfani ya nemo bashi ya gina hanya, ya riƙe ta shekara 25 ko 30 yana karɓar kuɗin wucewa, ya biya bashinsa ya ci riba, sa'an nan ya mayar wa gwamnati. Ingila ta yi makamancin wannan a ƙarni na 18, har manoman Wales suka tashi suna farfasa shingaye tsakanin 1839 da 1843.

'Yan jarida na Hausa sun fassara wannan tsari da jingina, sukan ce an jinginar da hanya ko filin jirgin sama. Fassarar ta cancanci a tsaya a kanta. A al'adar gona, mai jingina yakan karɓi kuɗi ya miƙa gonarsa, wanda ya karɓa ya yi ta nomawa har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa. Ba shekaru ke ƙare ta ba, fansa ke ƙare ta. Kuma kowa ya san ba mai wadata ke jinginar da gona ba, sai wanda bukata ta ci ƙarfinsa. Masanin doka zai ce fassarar ba ta dace ba, tun da yarjejeniyar zamani tana da wa'adi. Amma abin da ya faru a zahiri ya goyi bayan 'yan jaridar. Gwamnatin Jihar Legas ta bai wa wani kamfani hanyar Lekki zuwa Epe cikin 2006 na shekara 30, aka fara karɓar kuɗi a watan Disamba na 2011 cikin zanga-zangar mazauna yankin, ba a yi shekara uku ba gwamnatin ta biya ta karɓe abarta. Wannan fansa ce sak. Ita kuwa hanyar Legas zuwa Ibadan, an miƙa ta ga kamfanin Bi-Courtney cikin 2009 na shekara 25, aka soke yarjejeniyar a watan Nuwamba na 2012 ba tare da an yi aikin ba, aka koma ba da kwangila irin ta da.

Idan hanyoyin da suka fi kowaɗanne cunkoson motoci a ƙasar nan sun gagara, to ina ga ta Babban Mutum? Mai ba da bashi ba ruwansa da tarihin gari, lissafin motoci yake yi, na yau da na shekara 20 masu zuwa. A hanyar kan iyaka kuwa wannan lissafi ba ya yiwuwa. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Sa hannun mutum ɗaya a Abuja ko Yamai ya isa ya mayar da hanyar kufai. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa cikin 2021, aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura, wanda in ya kama aiki zai ɗebe wani kaso na manyan kaya. Shi ya sa da Gwamnatin Tarayya ta fitar da jerin hanyoyin da za a miƙa wa kamfanoni cikin 2021, galibi waɗanda ke haɗa manyan birane ne aka zaɓa.

Abin da ya iso ƙasar Daura wani salo ne dabam. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurni mai lamba 007, wanda ya yarda kamfani ya gina hanya da kuɗinsa, sa'an nan a riƙa cire abin da ya kashe daga harajin da ya kamata ya biya, haɗe da ɗan ƙari. A ƙarƙashin wannan ne kamfanin BUA ya karɓi aikin mayar da hanyar Kano zuwa Kwangwalam, ta Kazaure da Daura, mai hannu biyu, tsawon kilomita 132, a kan Naira biliyan 116, aka ƙaddamar cikin 2023. A nan kamfani bai dogara da yawan motoci ba, don haka rufe iyaka bai shafi lissafinsa ba. Amma kada sunan ya ruɗi mai nazari. Wannan ba kuɗin kamfani ba ne, harajin jama'a ne da aka kashe tun kafin ya shiga baitulmali. Harajin kamfanoni kuwa asusun tarayya yake shiga, a raba tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Ashe ke nan Ƙaramar Hukumar Ɓaure tana da ɗan rabonta a cikin duk abin da aka yafe, ko hanyar ta bi ta ƙofarta ko ba ta bi ba. Wannan hanya kuwa ta Kwangwalam ta yi, Babban Mutum yana can gabas. Cikin 2024 shugaban hukumar tara haraji ta tarayya da kansa ya nuna wa kwamitin Majalisar Dattawa rashin amincewarsa da tsarin, yana ganin aikin hukumarsa tarawa ne, kashewa kuwa sai ta hanyar kasafin kuɗi.

Tolget ma ya dawo. A watan Fabrairu na 2025 aka fara karɓar kuɗi a hanyar Abuja zuwa Makurɗi ta Keffi da Akwanga da Lafiya, ƙaramar mota Naira 500, babbar mota mai ƙafafu da yawa Naira 1,600. Ma'aikata da kamfani su ne suka sa hannu a takardar. Direban da ke miƙa kuɗin yana da ƙungiya, amma sa hannunta ba ya cikin sharuɗɗan, kuma ba kamar madugu ba, tirela mai ɗauke da buhu 600 ba ta da wata turbar da za ta ratse ta bi.