Kwantai: Daga Huhun Goro Zuwa Motar Kwatano

Kalmar kwantai ta girmi mota nesa ba kusa ba. Tun kafin a ji ƙarar inji a ƙasar Bargu, kakanninmu da suka sauka a zangon Faraku da unguwar Wangara ta Jugu sun san abin da ake nufi idan aka ce kaya ya yi kwantai: an kai shi kasuwa, an yini, kasuwa ta watse, shi kuwa ya koma gida ya kwana. Wanda ya bi manyan titunan Faraku a yau zai ga motoci jere a bakin hanya, ƙura ta lulluɓe wasu, takardar lambar waya da aka manna a gilashi rana ta cinye rubutunta. Tsohuwar kalmar nan ce ta samu sabon masauki. Kuma ina ganin ba za a fahimci yadda dilolinmu ke fama da ita ba sai an waiwaya an dubi fatake.

A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato bayan ɗaukewar damina, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa Nikki da Faraku da Jugu, ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. A shekarar 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da irin wannan ayari a Kayama yana kan hanyar komawa gida, maza da mata wajen dubu, da dabbobi kwatankwacin haka. A tafiya sukan ɗauki kanwa da rinannun tufafi da fatun jima, a dawowa kuma goro. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, sau tari falke sau ɗaya yake juya jarinsa a shekara.

Kayan nan biyu halinsu ya sha bamban. Kanwa tana da haƙuri, ko ta shekara a ɗaki tana nan yadda take, mai ita ba ya gaggawar sallamawa. Goro ba haka yake ba. Bayan 'yan kwanaki dole a kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata na kusa da shi, a sake ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure. Kowace rana da aka ƙara a zango akwai cin mutane, akwai harawar jakuna, ga goron yana raguwa. Saboda haka madugu mai hankali ba ya rantsuwa sai ya kai duk kayansa Kano. Yakan sayar da wani sashi a Jugu, wani a Faraku, ko da ribar ba ta kai ta can ba. Abin da ya ƙi tafiya kuma ranar tashin ayari ta zo, sai a bar wa mai gida, wato mai masaukin da ke ajiye kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya wa mai karɓar bashi, ya ci la'adarsa. Allah Ya jiƙan magabata, ba su da littafin lissafi irin na yanzu, amma sun san kuɗin kwana.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 da iyakokin da Turawa suka shata sun kashe wannan hanya. Faraku dai ba ta mutu ba, domin jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso ta a 1936 ya tsaya nan, ya zama kayan Nijar da ke biyowa ta Kwatano a nan ake sauke su a loda wa manyan motoci. Da aka buɗe sabuwar tashar jirgin ruwa ta Kwatano a 1965 sai harkar ta ƙara ƙarfi. Gidaje da yawa na Hausawa da Dandawa ta haka suka tashi daga jaki suka koma mota.

Cinikin tsofaffin motocin Turai ya kankama ne daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da darajar naira ta zube, sabuwar Peugeot da ake harhaɗawa a Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci. Ana tara motocin a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a tashar Antwerp, a sauke a Kwatano, kuma 'yan Labanan ne suka fi riƙe wannan ɓangare. Najeriya kuwa ta yi ta sanya haraji mai nauyi da dokar hana shigo da motar da ta wuce wasu shekaru, sai kasuwa ta nemi hanyarta. A rubuta a takarda cewa mota za ta Nijar, jami'an duwan su rako ayarinta ta Faraku da Kandi har Malanbil, ta haye gada zuwa Gaya, daga nan ta bi Birnin Ƙonni ko Maraɗi, ta ɓulla Illela ko Jibiya. Har sunan Kwatano ya zama sunan irin wannan mota a bakin Kanawa. A farkon shekarun 2000 motocin da ake saukewa a shekara sun kai 200,000, wajajen 2014 sun haura 300,000, kuma manyan filayen ajiyarsu suka koma Sekanji da Ekpe a kan hanyar Porto-Novo.

Matsayinmu a cikin wannan harka shi ne dai matsayin kakanninmu. Ba mu ne tushen kaya ba, ba mu ne babbar kasuwarsa ba, zango ne mu a tsakiya. Dilan Faraku ba mai ɗaruruwan motoci ba ne. Yakan yi tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Kwatano, ya taya, ya biya duwan, ya hau biyu ko uku ya kawo. Na Jugu yana da ƙarin ƙofa, tunda Togo na kusa da shi, kuma tashar Lome kishiyar Kwatano ce tun da daɗewa.

Kuskuren da ya karya mutane da yawa shi ne ɗaukar mota a matsayin kanwa, don an ga ƙarfe ce. Halin goro gare ta. Idan ta yi wata biyu ba a tayar da ita ba batir ya mutu. Rana tana ƙona fenti, ta tsattsaga robar gaban direba, tayoyi su bushe. Hunturu ya cusa ƙura ko'ina, ɓera ya samu ɗaki a cikin inji ya gaigaye wayoyi. Ga mai gadi, ga yaron wanki, ga kuɗin fili. Duk ranar 1 ga Janairu kuma ta ƙara shekara a takarda ko ba ta motsa ba. Sankarar da ta fi duk waɗannan ita ce bakin mutane. Garuruwanmu ba su da girman da mota za ta ɓuya. Wanda ya wuce ta sau talatin a wuri ɗaya zai fara tambayar abin da ya hana a saye ta, kuma kafin a ankara an ƙaga mata ciwon da ba ta da shi.

Lissafin a fili yake. A ce mutum biyu kowanne yana da jarin sefa miliyan 3. Na farko ya yarda da ribar 200,000, yana sallamawa duk bayan wata biyu, a shekara ya juya kuɗinsa sau shida, ya tashi da 1,200,000. Na biyu ya kafe sai ya ci 500,000 a kan mota guda, ya jira wata goma kafin ya samu, sannan a cire gadi da batir da sabon fenti. A majalisa na biyun ne ke da labari mai daɗin ji, na farkon ne ke ciyar da gida. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Joost Beuving, wanda ya zauna da 'yan kasuwar mota a Kwatano ya kuma wallafa bincikensa a 2004, ya lura cewa da yawansu faɗuwa suke yi amma ba sa barin harkar, suna jiran ciniki guda da zai mayar da komai, kamar masu haƙar zinariya. Wanda ya san filayen motoci ba zai ƙaryata shi ba.

Dilan da ya ƙware ba ya fara da karya farashi, domin ya san idan aka ji ya sauko yau, gobe za a zo a taya ƙasa da haka. Yakan fara da sauya wa motar wuri. A wanke ta, a tura ta wajen abokin sana'a a Jugu ko Kandi, inda idon mutane bai saba da ita ba, ta koma baƙuwa, shi kuma ya karɓi wata da ta gaji da zama a can. Wannan ba komai ba ne illa tsohon aikin mai gida. Sai ya ƙara wa dillalai la'ada a asirce, ya saka hotonta a WhatsApp da Facebook. Yana kuma lura da lokaci: kuɗin auduga idan sun sauka a Bargu, ko kakar kashu ta buɗe, motar da aka ƙi kallo da damina sai a zo ana neman ta. Idan duk wannan bai yi ba sai musaya, a karɓi tsohuwar motar mai saye da ciko a kai, ko a bayar bashi ana biya kaɗan-kaɗan, takardu na hannun dila har a gama. Wasu kan sa ta haya tsakanin Faraku da Jugu don ta ci da kanta, amma daga ranar ta bar sahun wadda Faransanci ke kira "venue", ta shiga sahun wadda aka hau a gida, kuma ba ta komawa. Ƙarshen hanya shi ne mahautan ƙarfe, a sayar da inji daban, ƙofofi daban.

Duk waɗannan dabaru na kwantan mota ɗaya ne ko biyu. Akwai kwantan da ke sauka a kan kowa lokaci guda, kuma ba a filin dila ake ƙulla shi ba. A watan Yunin 2016 Najeriya ta saki naira daga 197 a kan dala, kafin farkon 2017 ta kai wajen 500 a kasuwar bayan fage. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka motar Kwatano ta ninka tsada a idon Bakano ba tare da an ƙara mata ko dala ba. Daga 1 ga Janairun 2017 kuma aka hana shigar da mota Najeriya ta iyakar ƙasa. Filayen Sekanji suka cika da motocin da ba mai tayawa, masu shigo da kaya da dama suka rufe suka tafi. Kafin a farfaɗo aka rufe iyakar Najeriya baki ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka datse gadar Malanbil, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Wanda abin ya rutsa da shi riƙe da mota mai takardar wucewa ya fi kowa shiga uku, domin ba ta da hanyar fita, kuma ba ta sayuwa a Benin sai an biya cikakken kuɗin duwan.

Gaskiya ne akwai lokacin da zama da kaya ya yi rana. Da aka rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, wanda ya yi gaggawar sallamawa a tsohon farashi ya kasa mayar da gurbin abin da ya sayar, wanda ya riƙe ya ci riba yana zaune. Dattawan sana'ar suna tuna wannan, kuma a ganina tunawar ta cuci wasu a 2016, suka riƙe suna jiran abin da bai zo ba.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A zakkar kayan ciniki sun raba 'yan kasuwa biyu: mudiri, mai saye da sayarwa kullum, wanda zai ƙiyasta kayansa duk shekara ya fitar da ɗaya cikin arba'in, da muhtakiri, mai ajiyewa yana jiran kasuwa, wanda sai ya sayar zai fitar, na shekara guda. To, mudirin da kayansa ya yi kwantai fa? Ibnul Ƙasim ya ce yana nan a mudirinsa, ya ƙiyasta ya fitar. Sahnunu da Ibnu Nafi'u suka ce ya koma hukuncin mai jira. Tun fiye da shekaru dubu da suka wuce ake wannan muhawara a Madina da Misira da Ƙairawan, kuma dilan da mota ta shekara a hannunsa ya dace ya kai ta gaban malaminsa. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne ɓoye aibi. Mayar da lambar kilomita baya, ko sa wani ya zo ya yi tayin ƙarya don a ruɗi mai saye, daɗewar mota ba ta halatta su.

Ƙararrakin mota da ke isowa zauren dattawa yawanci kamarsu ɗaya. Mutum ya bar motarsa a hannun dila, ya faɗi kuɗin da yake so da baki, ya yi tafiyarsa. Bayan wata bakwai ya dawo, batir ya mutu, madubi ya ɓace, dila na neman kuɗin gadi, kuma farashin da aka ambata tun farko kasuwa ta bar shi a baya. Kowannensu zai rantse, kuma sau da yawa kowannensu na da gaskiya daidai abin da ya tuna. Shi ya sa yanzu kafin a saurari kowa ake tambayar takarda: ranar da aka ajiye, mafi ƙarancin kuɗin da aka yarda a sallama, wanda zai biya gadi da gyara, da wa'adin da za a sake zama idan ba ta tafi ba. Matasan dilolin kuma da yawansu sun daina tara motoci a fili. Sai mai saye ya zaɓa a hoto, ya ba da kafin alƙalami, sannan su hau motar dare zuwa Kwatano su ɗauko masa.