Auna Furuci da Alƙalami: Nazari a kan Ingancin Jarrabawar Turanci ta Kammala Sakandare ga Ɗalibi Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda jarrabawar Turanci ta hukumar WAEC ke auna abubuwa uku ga ɗaliban da ke kammala babbar sakandare a Nijeriya: furuci, da sanin kalmomi, da karatu. An nazarci tsarin takardun jarrabawar kamar yadda manhajar hukumar ta shimfiɗa shi, aka gwada shi da tsarin sautin Hausa da kuma binciken masana gwajin harshe. An gano cewa takardar furuci ba ta sauraron muryar ɗalibi, saboda haka sanin rubutu da haddar alamomi take aunawa. An kuma gano cewa tambayoyin kalmomi ba sa bayyana yawan kalmomin da ɗalibi ya mallaka, sannan makin auna fahimta ya cakuɗa karatu da rubutu. Maƙalar ta kawo shawarar gwaji da baki a matakin makaranta.

Muhimman kalmomi: gwajin harshe, furuci, tsarin sautin Hausa, auna fahimta, WAEC

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke neman gurbi a jami'a a Nijeriya sai ya sami kiredit a Turanci, ko likitanci zai karanta ko Hausa ko Larabci. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952, da NECO da aka kafa a 1999, su ne kan gaba wajen yanke hukuncin wanda ya cancanci wannan kiredit. Duk shekarar da sakamako ya yi muni, akan ɗora laifi a kan ɗalibai da malamai da wayar hannu. Da wuya a ji an tambayi ko ita jarrabawar tana auna abin da ta ce tana aunawa. Wannan tambaya ce masana gwajin harshe ke kira batun inganci, kuma ita ce maƙalar nan ta sa a gaba, tare da mayar da hankali kan ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko.

2.0 Hanyar Bincike da Tsarin Jarrabawar

Binciken bai tattara makin ɗalibai ba. Ya dogara ne da nazarin manhajar WAEC da salon tambayoyinta, da kwatanta tsarin sautin Hausa da na Turanci, da kuma ayyukan masana da suka gabata.

Manhajar ta raba Turanci gida uku. Takarda ta ɗaya tambayoyin zaɓi ne guda 80 a cikin awa ɗaya, rabi kan kalmomi rabi kan nahawu, makinta 40. Takarda ta biyu ta ƙunshi insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, awa biyu, maki 100. Takarda ta uku, wato ta furuci, tambayoyin zaɓi ne guda 60 a cikin minti 45, makinta 30, wato wajen kashi 18 cikin ɗari na jimillar maki 170. A Ghana da Gambiya da Saliyo, sauraro ake yi a wannan takarda ta uku: ana kunna murya, ɗalibi ya ji, ya amsa. A Nijeriya kuwa takarda ce da alƙalami kawai. Ba a kunna wa ɗalibi komai, shi ma ba ya furta komai.

3.0 Takardar Furuci

3.1 Abin da take tambaya

Salon tambayoyin sananne ne ga duk malamin sakandare. Akan ja layi ƙarƙashin harafi a wata kalma, a ce ɗalibi ya zaɓi kalmar da ke da wasali ko baƙi irin wannan. Akwai sashen amsa-amo, da sashen gaɓar da ake ƙarfafawa a kalma, da na kalmar da ake ƙarfafawa a jimla, da na alamomin furuci. Tushen wannan salo tsoho ne. Lado (1961) ne ya yayata shi a matsayin mafita inda ɗalibai suka yi yawa, bisa zaton cewa wanda ya gane sauti a rubuce zai iya furta shi. Buck (1989) ya gwada wannan zato a kan ɗaliban Japan, ya tarar cewa makin irin wannan gwaji ba shi da tabbas, kuma alaƙarsa da yadda ɗaliban ke furuci a zahiri ba ta taka kara ta karya ba. Shekaru fiye da talatin ke nan da wannan bincike, amma salon na nan daram a Nijeriya.

Akwai kuma batun canki-canka. Kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta, don haka ɗalibin da ya rufe ido ya cike takardar ana sa ran ya dace da kusan 15 daga cikin 60.

3.2 Abin da ɗalibi Bahaushe ke fama da shi

Matsalolin furucin Turanci a bakin Bahaushe ba ɓoyayyu ba ne. Jibril (1982), a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster, da Jowitt (1991) sun fayyace su, kuma tushensu a tsarin sautin Hausa yake.

Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/ a matsayin sautuka biyu masu sauya ma'ana. Sauti ɗaya ne mai fuskoki da yawa: Bakano na furta shi da leɓɓa biyu, Basakkwace ya ce “hwara” inda Bakano ke cewa “fara”. Shi ya sa “pan” da “fan”, ko “pull” da “full”, ke zama abu ɗaya a bakin ɗalibi. Babu /v/ a Hausa, sai “vote” ta koma “boat”. Sautukan nan biyu da ake rubutawa da “th” sukan koma /s/ da /z/, ta yadda “think” ke fitowa kamar “sink”. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, kuma kalmomin aro shaida ne: burodi, buroshi, firamare, duk an cusa musu wasali don raba baƙaƙen. Irin wannan wasali ne ɗalibi ke cusawa a “school” da “screw”.

A nan ne raunin takardar ya fi fitowa fili. Harafin p daban yake da f a rubuce, haka b da v. Ɗalibin da bai taɓa raba “pan” da “fan” a bakinsa ba zai raba su a takarda cikin sauƙi, don idonsa na ganin bambancin. Zai ci maki a kan daidai abin da ya kasa. Wasalin da yake cusawa tsakanin baƙaƙe kuwa, babu yadda za a yi takarda ta ji shi. Abin da tambayoyin ke kamawa da kyau shi ne rikicin rubutun Turanci: cewa “ph” a “phone” /f/ ce, cewa ba a furta b a “comb” ko t a “listen”. Wannan sani ne mai amfani, musamman ga yaron da ya saba da rubutun boko na Hausa inda kusan kowane harafi ake furtawa. Amma sanin ƙa'idar rubutu ne, bai kai a kira shi iya furuci ba.

Batun wasula ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Hausa na da wasula biyar, kowane da dogo da gajere, da tagwan wasali biyu, /ai/ da /au/. Turancin da manhajar ta ɗauka a matsayin mizani yana da tilon wasali 12 da tagwaye 8. Kunnen Bahaushe ya san tsawon wasali tun yana yaro, kuma wannan gata ne da ba kowane ɗan Nijeriya ke da shi ba. Sai dai Hausa ba ta yarda dogon wasali ya zauna a rufaffiyar gaɓa ba: wasalin ƙarshe na “gida” dogo ne, amma da zarar an ce “gidan” sai ya gajarce. Kalmomi irin su “seat” da “pool” kuwa dogon wasali ne a rufaffiyar gaɓa. Ke nan ɗalibin na iya jin bambancin “seat” da “sit” sarai, ya kuma zaɓi amsa daidai, amma harshensa ya gajarce wasalin da ya zo magana. Malamin da ya san wannan zai iya gyara shi cikin darussa kaɗan. Makin takarda ta uku ba zai taɓa nuna masa inda matsalar take ba.

3.3 Tasirinta a kan aji

Hughes (1989) da Alderson da Wall (1993) sun tattauna yadda jarrabawa ke juya akalar koyarwa. Malami yana koyar da abin da za a tambaya, kuma ba za a zarge shi ba, domin da sakamako ake auna shi. Idan jarrabawa ba ta buƙatar ɗalibi ya buɗe baki, darasin furuci sai ya koma kwafar alamomi daga allo da haddar tsofaffin tambayoyi. Wannan hasara ce babba ga yaron da ba ya jin Turanci a gida ko a unguwa, wanda aji ne kaɗai wurin da zai furta shi a gyara masa.

Abin lura shi ne al'ummar da wannan ɗalibi ya fito daga cikinta ta daɗe da sanin yadda ake auna furuci. A makarantar allo da Islamiyya, yaro yana karantawa ne malam na saurare, ya tsayar da shi a kan harafin da bai fita daga mafitarsa ba. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, da kunne alƙalanta ke ba da makin tajwidi. Babu wanda zai yarda a ba mutum shaidar iya tajwidi don kawai ya cike tambayoyin zaɓi.

4.0 Sanin Kalmomi

Tambayoyi 40 na kalmomi suna ɗibar samfuri ne daga fannoni irin su noma, kiwon lafiya, shari'a, wasanni da harkar kuɗi, tare da karin magana da kalmomi masu ma'ana ɗaya ko kishiya. Ba a jera su bisa yawan amfani da kalma ba, don haka makin ba ya faɗa wa kowa ko ɗalibi ya mallaki kalmomi 2,000 na farko da aka fi amfani da su. Alhali wannan ne malami ya fi buƙatar sani. Nation (2006) ya ƙiyasta cewa mai karatu na buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya san kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu irin na jarida ko ƙagaggen labari. Gwajin da ke auna kalmomi mataki-mataki yana nan tun aikin Nation na 1983, wanda Schmitt da abokan aikinsa suka sabunta a 2001. Na Nation da Beglar (2007) ma har an yi masa sigogi masu harshe biyu, inda ake ba da zaɓin amsa cikin harshen ɗalibi. Samar da sigar Hausa aiki ne da sassan Turanci da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu za su iya haɗa hannu su yi.

5.0 Karatu

Nassin auna fahimta ba ya gaza kalmomi 350, makinsa 20. Na taƙaitawa kusan kalmomi 500 ne, makinsa 30. Lissafin sashen da ya gabata yana da amfani a nan. Ɗalibin da ya san kashi 98 na kalmomin nassi mai kalma 350, bakwai ne kawai za su shige masa duhu. Wanda ya san kashi 90 kuwa, kalma 35 zai ci karo da su, kusan ɗaya a kowane layi. Da kyar ma'ana za ta haɗu masa.

Gough da Tunmer (1986) sun nuna cewa fahimtar karatu na fitowa ne daga abubuwa biyu: iya fitar da kalma daga haruffa, da fahimtar harshen kansa. Idan ɗaya ya rushe, fahimta ta rushe. Jarrabawar na ba da maki ɗaya dunƙule, kuma da yake a rubuce ake amsawa, ana rage maki saboda kuskuren nahawu, wasu tambayoyin ma sunan yankin jimla da aikinsa suke nema. Ɗalibai uku na iya samun maki ɗaya: wanda ke haɗa baƙi da kyar, da wanda ke karantawa sumul amma kalmomi sun yi masa ƙaranci, da wanda ya fahimta amma rubutu ya kayar da shi. Kowannensu magani daban yake buƙata.

Bai kamata a ɗauka cewa ɗalibi na farko ba ya cikin azuzuwan sakandare ba. Gwajin karatu na azuzuwan farko da aka gudanar da Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, da tallafin hukumar USAID, ya nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwan firamare da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya a cikin ɗan gajeren labari ba. Yaran da suka tashi da irin wannan giɓi, da shi suke shiga sakandare in ba a cike musu ba.

6.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Hujjar da ake kafawa ta rashin yin gwajin baka ita ce yawan ɗalibai, kuma hujja ce mai nauyi, domin masu zana WAEC a Nijeriya sun haura miliyan ɗaya da rabi a shekara. Amma ita wannan hukuma tana yi wa ɗaliban Faransanci jarrabawar baka ido da ido, tana kuma gudanar da sauraro a Ghana. Mataki mafi sauƙi a gare ta shi ne ta maye gurbin takarda ta uku da ta sauraro, ta kuma daina kiran abin da take yi yanzu gwajin furuci.

Makarantu ba sai sun jira hukumar ba. A kowane zango, malami na iya sa ɗalibi ya karanta ɗan nassi da ƙarfi na minti ɗaya, wanda aka cusa wa kalmomi masu /p/ da /f/, da /b/ da /v/, da baƙaƙe a jere, da dogon wasali a rufaffiyar gaɓa. Malamin ya ƙirga kalmomin da aka karanta daidai, ya yi tambaya biyu ko uku da baki, ya sa makin a gwajin cikin zango. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya don wani malami ya sake saurare, a kauce wa son rai. Aji mai ɗalibai 80 zai ƙare cikin 'yan darussa. Mizanin kuma ya zama fahimtar mai sauraro, ba kwaikwayon mutumin Ingila ba. Munro da Derwing (1995) sun nuna cewa mutum na iya magana da karin harshensa a kuma fahimce shi sarai, sannan Jenkins (2000) ta nuna cewa sautukan “th” ba su cika hana fahimta ba, saɓanin sauran baƙaƙe da tsawon wasali. Saboda haka a fara da /p/ da /f/, a bar “th” zuwa baya.

Muna kira ga ma'aikatun ilimi na jihohin Arewa da kwalejojin horar da malamai su sa wannan gwaji na baka a cikin tsarinsu tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, su kuma horar da malaman Turanci kan tsarin sautin Hausa kafin a tura su aji.