Sulallan Zinariyar Daular Aksum: Hoto da Rubutu a Matsayin Hujjar Tarihi

1.0 Gabatarwa

A yayin da muke bitar darussan tarihi da ake cusawa cikin littattafan karatun Hausa, mun lura cewa hujjojin da aka fi nuna wa ɗalibi iri biyu ne, wato labarin baka da rubuce-rubucen matafiya. Da wuya a nuna masa cewa kuɗin da mutane suka kashe a kasuwa shi ma shaida ne, alhali kuwa sau da yawa ya fi labarin baka tsufa, ba ya kuma sauyawa daga baki zuwa baki. Wannan muƙala za ta ɗauki misali guda, sulallan zinariyar da sarakunan Aksum suka buga, don ta nuna abin da ake iya karantawa a jikin ƙarfen da faɗinsa bai kai santimita biyu ba. Mun yi amfani da kalmar "sulalla" da faffaɗar ma'anarta, wato duk wani tsabar kuɗi da aka buga wa hatimi.

Aksum daula ce da ta yi zamani a tsaunukan arewacin Habasha da ƙasar Iritiriya ta yau. Babban birninta shi ne Aksum, tashar jiragen ruwanta kuma Adulis, a gaɓar Bahar Maliya, inda ake fitar da hauren giwa da zinariya zuwa Masar da Rum da Indiya. Mani, wanda ya kafa wani addini a Farisa cikin ƙarni na 3 na Miladiyya, ya lissafa Aksum cikin manyan dauloli huɗu na duniyar zamaninsa, tare da Farisa da Rum. Daga wajejen shekara ta 270 zuwa farkon ƙarni na 7, sarakunanta sun buga kuɗin zinariya da azurfa da tagulla, kuma a wancan zamani babu wata daula kudu da Sahara da ta yi haka.

2.0 Abin da Ke Jikin Sulen

Sarkin farko da aka sani ya buga kuɗi shi ne Endubis. Sulensa na zinariya yana da nauyin giram 2.7 ko kusa da haka, wanda ya yi daidai da rabin sulen zinariyar Rum na zamanin Sarki Diyokletiyan. Ba bisa haɗari aka yi wannan ba. Ɗan kasuwar Iskandariyya da ya sauka a Adulis ba ya bukatar dogon lissafi, biyu na Aksum ɗaya ne na Rum. Da Sarki Kustantin ya sauya ma'aunin Rum a farkon ƙarni na 4, ya fito da sabon sule mai giram 4.5, sai Aksum ita ma ta rage nauyin nata, har ya zauna a wajen giram ɗaya da rabi, wato kusan sulusin sabon sulen.

A kowace fuska ta sulen Endubis akwai hoton sarki daga kafaɗa zuwa sama, yana duban dama, kansa ɗaure da ƙyalle. Zangarniya biyu, ta alkama ko sha'ir, sun taso daga ƙasa sun kewaye shi hagu da dama. A bisa kansa kuma akwai jinjirin wata ɗauke da ɗan faifai, alamar addinin gargajiya da Aksum ta yi tarayya a cikinsa da kudancin ƙasar Larabawa. Magajinsa Afilas ya ƙara wani abu da ya ɗore: a fuska ɗaya sarki na sanye da dogon kambi mai ado, a ɗaya fuskar kuma yana nan da ƙyallensa. A hannunsa akan ga mashi ko sanda a gefe guda, da wani reshe a ɗaya gefen, wanda wasu suka ce na zaitun ne, wasu kuma suka ce izgar korar ƙuda ce irin ta manya.

Wannan ya saɓa wa al'adar Rumawa. Su sukan sa sarki a gaba, a baya kuma wani abin bauta ko hoton cin nasarar yaƙi. A Aksum kuwa ko ta ina aka juya sulen zinariya, sarki za a gani. Hoton ma ba na kamannin mutum takamaimai ba ne, domin fuskokin sarakunan kusan iri ɗaya ne, da manyan idanu. A ganinmu abin da aka zana sarauta ce, ba mai riƙe da ita ba.

Zangarniyar ita ce ta fi jan hankalinmu. Daular da ta yi suna da fatauci ba ta sa jirgin ruwa ko giwa a kuɗinta ba, sai hatsi, kuma wannan alama ta zauna a kan zinariyar kusan shekara ɗari uku. Malamin da ke son ɗalibai su gane haka yana da abin kwatance a gida. Kwabban da Nijeriya ta fitar a 1973 sun ɗauki auduga da koko da kwakwar manja da gyaɗa da rijiyar mai. Kowace ƙasa takan sa a kuɗinta abin da take so a san ta da shi.

3.0 Harshen Sulen

Ga mai nazarin harshe, nan ne gishirin zancen yake. Mutanen Aksum Gi'iz suke magana, kuma suna da nasu baƙaƙen rubutu. Amma rubutun da ke kan zinariyarsu da Girkanci aka yi shi, domin shi ne harshen ciniki a Bahar Maliya. A sulen Endubis an rubuta sunansa, da laƙabin "Sarkin Aksumawa", sannan kalmomi biyu, bisi Daku. Kalmar bisi ba Girkanci ba ce. Gi'iz ce mai nufin "mutumin", aka rubuta ta da baƙaƙen Girka, kamar yadda Bahaushe ya rubuta harshensa da baƙaƙen Larabci. Afilas shi ne bisi Dimele, Usanas bisi Gisene, Ezana kuma bisi Alene. Masana sun yi saɓani a kan ko sunan zuriya ne ko na rundunar mayaƙa. Ko ma mene ne, abu ne da sarki bai yarda a fassara shi ba, ko don baƙo.

Sarki Wazeba, a farkon ƙarni na 4, ya gwada buga zinariya da Gi'iz zalla. Sulallansa na zinariya da suka iso wannan zamani ba su taka kara sun karya ba, kuma waɗanda suka biyo shi sun koma ga Girkanci. Da tafiya ta yi tafiya, musamman cikin ƙarni na 6, sai aikin ya rabu: zinariya ta riƙe Girkanci, azurfa da tagulla kuwa, waɗanda talaka ke sayen gishiri da su, suka koma Gi'iz. Hasali ma Girkancin kan zinariyar ya riƙa lalacewa, ana juya baƙi ko a tsallake shi, abin da ke nuna cewa masu sassaƙa hatimin suna kwaikwayon surar harshen da ba su ji. Duk da haka ba a daina ba, saboda amincin sulen a kasuwannin waje ya rataya ne ga kamannin da aka san shi da su.

Wuraren da aka tono sulallan sun ƙarfafa wannan fahimta. Mafi yawan zinariyar Aksum ba a Habasha aka same ta ba, a kudancin ƙasar Larabawa ne. Taska guda da aka tono a al-Madhariba, yamma da birnin Adan na Yaman, ta ƙunshi sulallan Aksum 868 haɗe da na Rum 326. An kuma samu wasu a Indiya. Ta ɗaya ɓangaren, a 1940 an gano sulallan zinariya fiye da 100 na daular Kushan, wadda ta mulki arewacin Indiya, a gidan ibadar Debre Damo da ke arewacin Habasha.

Tambayar wane harshe da wane rubutu za a sa a kuɗi ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya tuna muhawarar da ta biyo bayan cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007 ya san cewa rubutun kan kuɗi yana bayyana wanda hukuma ke magana da shi.

4.0 Daga Jinjirin Wata Zuwa Gicciye

Sulallan Sarki Ezana kashi biyu ne. Na farkon mulkinsa suna ɗauke da jinjirin wata da faifai, kuma a rubuce-rubucensa na kan dutse na wannan lokaci yana kiran kansa ɗan Mahrem, abin bautar yaƙi. Na baya kuwa gicciye ne a daidai wurin da jinjirin watan yake. Wannan ya dace da labarin Firumentiyus, mutumin Taya da ya tashi a fadar Aksum, wanda Atanasiyus na Iskandariyya ya naɗa shi bishop na farko na ƙasar. Akwai kuma wasiƙar da Sarkin Rum Kustantiyus na Biyu ya aika wa Ezana da ɗan'uwansa Sayzana wajejen 356, wadda ita ce turken da ake ɗaure lissafin shekarun sarakunan Aksum a jikinsa. Sulallan Ezana na cikin na farko-farko a duniya da suka ɗauki gicciye.

Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar canjin. Kambi yana nan, ƙyalle yana nan, zangarniya tana nan, alama ɗaya tak aka musanya. A kan azurfa da tagulla ne sabon addinin ya fi bayyana, inda gicciye ya cinye fuska guda sukutum, wani lokaci har a shafa masa ruwan zinariya a tsakiya, fasahar da aka san Aksum da ita tun zamanin Afilas. An kewaye shi da jimlar da ma'anarta ita ce "wannan ya faranta wa ƙasa rai". Mu dai muna karanta ta a matsayin lallashi, irin na sarkin da ya san cewa shi ya sauya addini amma jama'arsa ba su gama bin sa ba. Sai dai wajibi ne malami ya nuna wa ɗalibai cewa wannan fassara ce. Sule yana faɗin abin da fada take so a ji, ba abin da ke zuciyar manomi ba.

Sarakuna kimanin ashirin ne sunayensu suka fito a sulallan, kuma galibinsu ba don kuɗin ba da ba a san sun taɓa rayuwa ba. Ezana da Kaleb ne kaɗai tarihinsu ya fito sosai ta wasu hanyoyi. Kaleb shi ne ya ƙetare Bahar Maliya wajejen 525 ya yaƙi Zu Nuwas, sarkin Himyar, bayan kisan Kiristocin Najran, waƙi'ar da malaman tafsiri da dama suke dangantawa da Ashabul Uhdud. A zamaninsa da bayansa tsarkin zinariyar ya riƙa raguwa. Sauran sarakunan kuwa ana jera su ne ta hanyar kwatanta nauyi da tsarkin ƙarfe da salon hatimi, shi ya sa jerin da Stuart Munro-Hay ya tsara ya bambanta da na Wolfgang Hahn a wurare da dama.

Wannan saɓani ya taɓa wani batu da ɗalibanmu suka sani tun daga makarantar allo, wato Najjashi, sarkin Habasha da ya karɓi sahabban Annabi Muhammadu (SAW) a hijirar farko, wajejen 615. Akwai sarki mai suna Armah wanda aka san shi ta sulallan azurfa da tagulla, kuma wasu masana sun ce shi ne Najjashin. Wasu kuma sun sa mulkinsa tun cikin ƙarni na 6. Abin da zai burge aji ne a ɗaga hoton sule a ce ga kuɗin Najjashi, amma ba mu ga ya dace a rubuta haka a littafin makaranta ba tare da an ce "ana jin" ba.

5.0 Shigar da Batun Cikin Manhaja

Darasin ya fi dacewa da fahimtar rubutu da kuma insha'in siffantawa: a ba ɗalibi hoton fuskokin sule biyu, ya bayyana abin da ya gani kafin a gaya masa ma'anarsa. Yana kuma buɗe ƙofar nazarin kalmomi. "Zinariya" da "dinari" tushensu ɗaya, dinar na Larabci, wanda shi kuma ya samo asali daga denarius na Rumawa, yayin da "kuɗi" jam'in "wuri" ne. A nan ɗalibi zai tambaya me ya sa Gana da Mali, duk da arzikin zinariyarsu, ba su bar mana sule mai hoton sarki ba. Garin zinariya suke aunawa da miskali. Al-Bakri, a 1068, ya ambaci dinarin Tadmakka marar hatimi, kuma tonon da aka yi a kufan garin, a ƙasar Mali, a 2005 ya fito da mazubin da ake zuba irinsa. Ke nan rashin hatimi ba rashin sanin aikin ba ne.

Aksum kanta ta daina buga kuɗi a ƙarni na 7, lokacin da cinikin Bahar Maliya ya fita daga hannunta. Tsaunukan Habasha suka koma ga kantun gishiri da ake kira amole, daga baya kuma ga azurfar Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda ta yi yawo har Barno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Sai a 1894 wani sarkin Habasha, Menelik na Biyu, ya sake sa hotonsa a kan sule, shi ma a birnin Faris aka buga masa.