Dalar Gyaɗa da Tazarar da Ke Tsakanin Arewa da Kudu

Lokacin da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudancin Nijeriya a 1914, ɗaya daga cikin dalilansa shi ne baitulmalin Arewa ba ya iya ɗaukar nauyin kansa sai da tallafin Ingila da na Kudu. Amma jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya riga ya soma sauya al'amarin. Gyaɗa ta sami hanyar fita, har dalarta ta zama alamar birnin. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, sai ya zama kamar tazarar tana raguwa.

To, sai dai wannan arziki ya dogara ne ga damina da kasuwar waje, alhali Kudu ta daɗe da yin nisa wajen ilmin boko. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, daidai lokacin da hankalin gwamnati ya koma kan man fetur. Masaƙar ita ma ta rufe a 2002. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kashi 87.7 cikin ɗari na mutanen Jihar Sakkwato suna cikin talauci, a Legas kuwa kashi 4.5 kacal.