Yadda Aka Fara Zaɓen Gidan Cin Abinci a Birnin Paris

Kafin tsakiyar ƙarni na 18, baƙon da yunwar rana ta kama a birnin Paris ba shi da zaɓi sosai. Sai ya tafi masauƙi, ya zauna teburi ɗaya da kowa, a lokacin da mai gida ya tsayar, ya ci abin da aka dafa, ko ya so ko ya ƙi.

Wajen shekarun 1760 ne waɗansu suka soma buɗe shagunan sayar da romon nama, wanda ake ce wa "restaurant", watau mai mayar da ƙarfin jiki. A nan kowa da teburinsa, ga takardar jerin abinci da kuɗin kowanne. Bayan juyin juya halin 1789, kukun manyan fadawa da dama suka rasa iyayen gidansu, suka koma dafa wa duk mai kuɗin biya.

Da gidajen suka yawaita, sai zaɓe ya zama aiki. A 1803 Grimod de La Reynière ya fara fitar da littafin da ke nuna inda ya kamata a ci. A 1900 kamfanin taya na Michelin ya raba nasa kyauta ga masu mota, don su yi ta tafiya tayoyi su ƙare. A 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro.

To, mai karatu ya lura, 'yancin nan na mai kuɗi ne da mai sukuni. Leburan Paris dai gurasarsa yake ci a bakin aiki, ba wanda ya tambaye shi abin da yake so.