Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Wakilin Ƙirƙirarriyar Basira a Harkar Tallar Gidaje

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta tsara yadda manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa kiran wasu manhajoji su yi mata aiki. Kafin shekara ta zagayo, a Oktoban 2025, kamfanin Zillow na Amurka ya shigar da binciken gidajensa cikin ChatGPT. Mai neman gida yana faɗin bukatarsa da bakinsa, wakilin na'ura kuma ya je ya tono masa. A ƙarƙashin ƙa'idar MCP, kowane kayan aiki, wato manhajar da ake kira ta yi aikin, yana gabatar da kansa ga wakilin da abubuwa uku: suna, taƙaitaccen bayani, da tsarin abin da za a cika masa. Wakilin ba ya ganin cikin rumbun bayanai, bai kuma san wanda ya gina shi ba. Abin da aka rubuta masa shi ne iyakar saninsa.

Ra'ayin da nake karewa a nan shi ne, ba a sanin ingancin wannan bayani ta duban cikarsa a takarda. Ana saninsa ne ta abin da wakilin ya aikata bayan ya karanta shi, musamman a wuraren da bayanan gidaje ke da harshen damo.

Hanyar da ta fi sauƙi wajen awo ita ce ƙirga: an faɗi manufar kayan aikin? An bayyana kowane gurbi? An kawo misali? Waɗannan tambayoyi an gaje su ne daga bayanin da ake rubuta wa masu haɗa manhaja, kuma suna da amfaninsu. Sai dai mai haɗa manhaja mutum ne. In ya ga gida mai ɗaki huɗu a kan dala dubu biyu, zai tsaya ya yi shakka, ya gane kuɗin hayar wata ne. Wakilin na'ura ya fi kama da baƙon yaro da dillali ya aika unguwar da bai taɓa shiga ba: abin da aka gaya masa shi zai riƙe, inda aka yi shiru kuwa ya cike da zato, ya dawo ya ba da labari da cikakken tabbaci.

Mu ɗauki matsayin gida a kasuwa. Ƙungiyar RESO, mai tsara sunayen bayanan gidaje a Amurka, tana da gurbi mai suna StandardStatus. A cikinsa akwai Active, gidan da yake kasuwa. Akwai Active Under Contract, wanda an riga an karɓi tayi a kansa amma ba a rufe ƙofa ga wasu ba. Akwai Pending, wanda ciniki ya yi nisa. Akwai Closed, wanda an sayar. Yanzu a ce bayanin kayan aikin ya tsaya a kan cewa yana nemo gidaje bisa wuri da farashi. Jimlar ba ta yi ƙarya ba, kuma mai ƙirga zai ba ta maki. Amma ba ta faɗi ko gidajen da aka karɓi tayinsu suna cikin sakamakon ba. Iyali za su iya ɗaukar mota su yi doguwar tafiya don ganin gidan da wani ya riga ya kama. Bayanin da ya ce in ba a zaɓi matsayi ba za a kawo masu Active kaɗai, kuma ana sabunta rumbun sau ɗaya a rana, ya fi wancan tsawo da layi ɗaya tak, amma ya toshe wannan kafa.

Haka farashi yake. ListPrice kuɗin da mai gida ya nema ne, ClosePrice kuwa wanda aka sallama a kai. Ƙiyasin na'ura irin Zestimate na Zillow abu ne na uku daban, kuma dole bayanin ya hana wakilin gabatar da shi kamar farashi. Zillow da kansa ya rufe sashensa na sayen gidaje a Nuwamban 2021, ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa, saboda hasashen farashi ya gagare shi. Kuɗin haya a Amurka na wata ne, a Ingila wasu tallace-tallacen kan kawo na mako, a Najeriya kuwa na shekara aka saba. Faɗin gida ma sai an faɗi ma'auni, domin murabba'in mita ɗaya ya kai murabba'in ƙafa 10.76, shi ya sa RESO ta ware gurbin LivingAreaUnits kusa da LivingArea.

Abin da na fi ɗora wa nauyi shi ne ma'anar sakamakon da ya dawo wayam. Bayanan gidaje a Amurka ba sa cikin rumbu ɗaya, sun rarrabu a ɗaruruwan tsare-tsaren dillalai na yankuna da ake kira MLS, kuma kayan aiki ɗaya na iya samun izinin wasu kawai. In bincike bai kawo komai ba, ko dai babu gida ne, ko garin ba ya cikin hurumin kayan aikin, ko an rubuta sunan unguwa ta hanyar da rumbun bai sani ba. Waɗannan dalilai uku suna bukatar amsa uku daban, amma wakilin da ba a faɗa masa bambancinsu ba zai ce wa mutum babu gida, mutumin kuma ya haƙura. Kuskuren ba ya barin sawu, don wanda aka hana ganin gida bai san an hana shi ba, balle ya kai ƙara. Bayanin kirki yana faɗin iyakarsa a sarari, saƙon kuskurensa kuma yana nuna wa wakilin abin da zai gyara.

Akwai kuma doka. Dokar adalci a harkar gidaje ta Amurka ta 1968 ta haramta wariya bisa launin fata, addini ko asalin ƙasa, aka ƙara jinsi a 1974, sai nakasa da zama da yara a 1988. A 2022 kamfanin Meta ya sasanta da ma'aikatar shari'ar Amurka kan yadda tsarinsa ke zaɓen waɗanda za su ga tallar gidaje. Bayanin da bai gaya wa wakilin abin da ba a tacewa da shi ba ya bar shi ya yi ta ƙoƙarin biyan bukatar da doka ta hana.

Sannan rubutun talla, wanda RESO ke kira PublicRemarks, dillalin mai sayarwa ne ke rubuta shi. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki kansa. Rubutun da kowane dillali ke iya shigarwa ya fi wannan sauƙin cusa wa umarni, saboda haka ya kamata bayanin ya shaida wa wakilin cewa wannan zancen mai sayarwa ne, a karanta shi a matsayin da'awa.

Za a iya cewa manhajojin yanzu suna da wayon gane yawancin waɗannan da kansu, kuma dogon bayani yana cin gurbin da wakilin ke bukata don tunani. Akwai gaskiya a ciki. Bayani mai maimaita abin da sunan gurbi ya riga ya faɗa ɓata wuri ne. Amma duk wayon manhaja ba za ta iya sanin yaushe aka sabunta rumbun wani kamfani ba, ko waɗanne garuruwa ya ƙunsa. Irin wannan ilimi yana wurin mai kayan aikin kaɗai, kuma shi ya cancanci gurbin.

Awon da nake ganin ya dace aikin gwaji ne. A tattara buƙatun da masu neman gida ke yi da gaske, a haɗa da masu wuya: garin da ba ya cikin hurumi, hayar da ba a faɗi wa'adinta ba, neman a tsayar da ranar ganin gida sau biyu a jere. A bar manhajar wakilin yadda take, a canza bayanin kaɗai, sannan wanda ya san harkar dillanci ya zauna ya karanta abin da wakilin ya kira da abin da ya gaya wa mutum, ya yi alama a duk inda ya faɗi abin da rumbun bai tabbatar ba.